Sunan gona a jikin kwalba: gargajiya, gado da kuɗi a tuddan Barolo

A arewa maso yammacin Italiya, cikin jihar Piemonte, kudu da garin Alba, akwai wasu tuddai da ake kira Langhe. Ƙauyuka 11 ne kawai a cikinsu doka ta amince su noma inabin da ake yin jar giyar nan mai suna Barolo, kuma gonakin duka in an haɗa su hekta 2,000 ne da 'yan ɗaruruwa. A yau hekta ɗaya a can takan kai Yuro miliyan biyu, a wuraren da suka yi suna ma ta zarce haka. Shekara sittin baya kuwa, samarin waɗannan ƙauyuka gudun gonakin suke yi, suna neman aiki a masana'antar motoci ta Fiat da ke Turin ko ta cakulan ta Ferrero da ke Alba, saboda noman inabi ya kasa riƙe gida. Ƙasar ita ce dai ta jiya, irin inabin ma na kaka da kakanni ne. Babban abin da ya shigo tsakani shi ne layi ɗaya na rubutu da aka ƙara a takardar jikin kwalba, wato sunan gonar da inabin ya fito.

Ga Musulmi hukuncin giya a fili yake, haramun ce, kuma ba tallarta nake yi ba. Abin da ya ja hankalina labarin manoma ne: yadda talaka mai 'yar gona ya karɓe suna daga hannun ɗan kasuwa, da abin da sunan ya jawo masa daga bisani. Masu sayar da irin wannan giya sukan jera kalmomi uku a tare, su ce ta gidan gado ce, ta gona ɗaya ce, kuma an yi ta a gargajiyance, sai mai saye ya ɗauka abu ɗaya ne tun fil azal. Tarihin Barolo ya nuna akasin haka. Rubuta sunan gona ɗaya sabon abu ne, kuma wasu daga cikin mutanen da suka fi kowa riƙo da gargajiya sun mutu suna adawa da shi.

Sai an san inabin kafin a gane sauran zancen. Sunansa Nebbiolo, kuma in Barolo ake so, doka ta hana a gauraya shi da wani iri. Shuka ce mai wuyar sha'ani. Tana riga sauran fitar da toho tun sanyi bai gama janyewa ba, sannan ita ce ta ƙarshen nuna, sai cikin Oktoba, lokacin da hazo ya fara kwanciya a kwari. Fatar 'ya'yanta siririya ce, launin ruwanta ba ya duhu sosai, amma tana ɗauke da tsami da bauri mai yawan gaske. Baurin irin wanda ke ɗaure baki ne in an tauna goro, kuma daga fatar inabin da ƙwayoyin cikinsa yake fitowa. Shi ke sa giyar ta yi shekara ashirin ko talatin a ajiye ba ta lalace ba, shi ne kuma ke sa ta yi tsauri ainun tana sabuwa. Kusan duk rigimar da ta raba gidaje a yankin nan a kan yadda za a yi da wannan bauri ne.

Tsofaffin manoman Langhe suna da hanyarsu ta zaɓar wuri. A ƙarshen hunturu sukan tsaya su zuba wa tuddai ido, duk gangaren da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kansa, to nan ne gidan Nebbiolo. Irin wannan gangare mai fuskantar kudu suna kiransa sorì. Inda rana ba ta kai haka ba sai su shuka Barbera ko Dolcetto, inabin giyar yau da kullum, sauran filin kuma alkama ne da itatuwan marmari da ciyawar shanu. Daga baya doka ta tabbatar da wannan sani: gonar Barolo dole ta kasance a gangaren tudu, tsakanin mita 170 zuwa 540 sama da teku, ba a cikin kwari ba, ba kuma a gangaren da ya fuskanci arewa ba.

Ƙasar kanta iri-iri ce. Miliyoyin shekaru da suka shuɗe wurin nan gindin teku ne, kuma lakar da ta kwanta a lokuta daban-daban ita ce ta zama tuddan. Ta yamma, wajen La Morra da ƙauyen Barolo, laka ce mai ɗan shuɗi haɗe da farar ƙasa, tana riƙe ruwa, giyar can takan yi ƙamshi da taushi, ta kuma nuna da wuri. Ta gabas, wajen Serralunga d'Alba da Monforte d'Alba, ƙasar ta fi tsufa, ta fi fari, ta fi ƙarancin ni'ima, kurangar tana shan wuya, abin da take bayarwa ya fi bauri, sai an yi haƙurin shekaru. Castiglione Falletto na tsakiya, wasu gonakinsa da yashi. Tazarar duka 'yan kilomita ce, mutum na iya tsayawa a tudun La Morra ya hango ganuwar Serralunga.

Mutanen wurin sun daɗe da sanin wannan bambanci. Akwai tsohuwar kwalba da aka adana mai ɗauke da sunan gonar Cannubi da shekarar 1752. Amma sanin bambancin gonaki daban, sayar da kowace gona ita kaɗai daban. Al'adar da aka gada ita ce haɗawa. Mai yin giya yakan ɗauko inabin La Morra don ƙamshi, ya ɗauko na Serralunga don ƙarfi, ya haɗa su ya sami abin da babu gonar da za ta ba shi ita kaɗai. Akwai kuma dalilin tsira a ciki. Ruwan ƙanƙara na yawan sauka a Langhe, yakan kwashe amfanin tudu guda cikin minti goma ya bar na kusa da shi lafiya lau. Wanda ya dogara da gonaki huɗu ba ya tashi a tutar babu.

Wannan tsari yana da kyau ga mai kwalba, manomi ne ke kwana a ciki. Manyan gidaje irin su Fontanafredda da Borgogno da Pio Cesare su ke da ganguna da ma'ajiya da abokan ciniki. Manomi inabi kawai gare shi, kuma inabi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi ya tashi. Ran da aka tsinke shi, ran nan za a sayar. Sai ya loda amalanke ya kai dandalin kasuwar Alba, dillalai su zagaya, su ɗanɗana, su taya ƙasa-ƙasa, su koma gefe su jira yamma ta yi, domin sun san ba zai koma gida da kayan da suka fara tsiyayar ruwa ba. Dillalin ya san wace gona ce ta fi, yakan biya ɗan ƙari a kanta, amma da zarar inabin ya shiga ganga sunan gonar ya ɓace, sai sunan ɗan kasuwa. Wannan zaluncin ne ya sa wani malamin makaranta, Arnaldo Rivera, ya tara ƙananan manoma a Castiglione Falletto suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Terre del Barolo a 1958.

A 1961 aka buɗe wata ƙofar. Beppe Colla na gidan Prunotto ya ware inabin gonar Bussia ya yi shi shi kaɗai, ya rubuta sunan a kwalba. A wannan shekarar Alfredo Currado na gidan Vietti ya yi haka da gonar Rocche ta Castiglione Falletto. A maƙwabtansu na Barbaresco, Bruno Giacosa ya biyo baya a 1964 da Santo Stefano, Angelo Gaja kuma a 1967 da Sorì San Lorenzo. Daga Burgundi ta Faransa suka ɗauko dabarar, inda tun da daɗewa sunan fili ya fi sunan mai shi daraja. Marubuci Luigi Veronelli ya yi ta zuga manoma su daina sayar da inabi su sa sunan gonakinsu a kwalba, sannan a shekarun 1970 Renato Ratti ya zana taswirar da ta nuna gonakin da suka yi fice. Da yawa daga dattawan sana'ar sun ga abin a matsayin bidi'a. Amma tasirinsa ga manomi mai sauƙin ganewa ne. In mai saye a Jamus ko Amurka ya fara tambayar giyar gonar Brunate ko ta Cannubi da suna, to mai hekta ɗaya a Brunate ya riƙe abin da babu ɗan kasuwar da zai iya samowa a wani wuri. Ƙarfin ciniki ya koma hannun mai ƙasa.

Gidan Giacomo Conterno na Monforte d'Alba ya isa misali, domin babu wanda ke musun cewa yana sahun farko cikin masu riƙo da gargajiya. A shekarun 1920, lokacin da akasarin Barolo a ganguna da manyan tuluna ake sayar da ita don a sha da wuri, Giacomo ya fara yin wata ta musamman don dogon ajiya, ya sa mata suna Monfortino. Shekaru hamsin gidan na yin wannan giya da inabin da yake saye daga manoma, yana zaɓen mafi kyau. 'Ya'yansa biyu, Giovanni da Aldo, sun raba gari a 1969, Aldo ya tafi Bussia ya kafa nasa gidan. Giovanni da ya zauna a gidan gado ya hango abin da ke tafe: manoman da yake saye a wurinsu sun fara yin tasu giyar, nan gaba kaɗan inabi mai kyau ba zai samu a kasuwa ba ko da kuɗi. A 1974 ya sayi wani fili mai suna Cascina Francia a kudancin Serralunga, kimanin hekta 14, ya dasa kuranga, amfanin 1978 ya zama na farko da ya fito daga can. Tun daga nan gidan ya daina dogaro da inabin saye.

A lura da abin da ya faru a nan. Gidan da ya fi kowa suna wajen gargajiya bai mallaki gonarsa ta Barolo ba sai a 1974, kuma sauyin kasuwa ne ya tilasta masa. Har yau giyarsa mafi tsada, Monfortino, wadda kwalba ɗaya takan haura Yuro 1,000 a kasuwa, ba sunan gona take ɗauke da shi ba, sunan da Giacomo ya raɗa ne. Bayan rasuwar Giovanni a 2004 ɗansa Roberto ya riƙe gidan, ya ƙara sayen gonar Cerretta a 2008 da ta Arione a 2015, duka a Serralunga. Abin da ya sa ake girmama gidan shi ne taurin kai a kan inganci. Ba kowace shekara suke fitar da Monfortino ba. A 2002 kuma, shekarar da ruwa da ƙanƙara suka lalata amfanin yankin har gidaje da yawa suka haƙura da yin Barolo, su sun duba inabin Cascina Francia suka ga ya tsira, suka yi Monfortino, kuma ta zama abin kwatance. In ana neman hujjar cewa gona ɗaya na iya bambanta da maƙwabtanta, wannan shekarar ta bayar da ita.

To mene ne yin giya a gargajiyance? Abu biyu ne a zahiri. Na farko tsawon tsimi. Bayan an matse inabin ana barin ruwan tare da fatu da ƙwayoyi yana tsimuwa, sukarin na rikiɗewa, fatun kuma su taso sama su yi tsiri. Masu gargajiya sukan danne wannan tsiri da katakai ya nutse cikin ruwan, su bar shi haka sati huɗu, shida, wani lokaci har wata biyu, domin a tatso duk abin da ke cikin fatar. Giyar da ta fito daga nan baurinta ba magana. Na biyu shi ne inda za ta kwanta. Ana zuba ta a manyan ganguna da suke kira botti, galibi na katakon oak daga Slavonia ta ƙasar Kuroshiya, kowace na cin lita dubu biyu, dubu biyar, wasu har dubu goma, kuma ganga ɗaya takan yi shekaru da dama tana aiki. Tsohuwar ganga babba ba ta sa wa giya ɗanɗanon katako. Aikinta kawai ta bar iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan ta cikin katakon, baurin na laushi a hankali. Doka ta ce Barolo ta yi aƙalla wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a katako, mai laƙabin Riserva kuma wata 62. Monfortino a al'ada kimanin shekara bakwai take yi a ganga.

Wannan hanya tana da aibinta, kuma bai kamata a ɓoye ba. A hannun gwani tana fitar da abin mamaki. A hannun talakan da ba ya da kuɗin canza ganga, wanda ma'ajiyarsa ke jingine da garken shanu, takan fitar da giya busasshiya mai warin tsohon katako wadda babu mai saye. Haka yawancin gidaje suke a shekarun 1970. Wani saurayi daga La Morra, Elio Altare, ya je Burgundi a 1976 ya ga manoma masu gonaki ƙanana kamar nasa suna rayuwa cikin wadata. Ya dawo ya fara tsinke wani ɓangare na inabi tun yana ɗanye yana zubarwa don sauran ya yi ƙarfi, abin da mahaifinsa, wanda ya san yunwa, ya gani a matsayin almubazzaranci. A 1983 ya shiga ma'ajiyar gidan da zarto mai inji ya yanyanka tsofaffin gangunan. Uban ya cire shi daga wasiyya, ya rasu a 1985, Elio sai da ya bi 'yan'uwansa yana sayen gonar gidansu daga hannunsu.

Altare da abokansa, irin su Luciano Sandrone da Domenico Clerico da Roberto Voerzio da Enrico Scavino da Chiara Boschis, sun juya komai. Suka rage tsimi zuwa 'yan kwanaki, wasunsu ta hanyar amfani da tankunan ƙarfe masu juyawa, suka kawo ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225 da ake kira barrique, sababbi, waɗanda aka babbake cikinsu da wuta. Ƙaramar ganga tana haɗa giya da katako fiye da babba nesa, don haka giyar takan yi duhu, ta yi taushi, ta ɗauki ƙamshin fanila, ta kuma shiga kasuwa da wuri. Lokaci ya ba su hannu. A Maris na 1986 aka gano wata giya mai arha da aka gauraya da gubar metanol a garin Narzole, kusa da Barolo, ta kashe kimanin mutum ashirin, ta makantar da wasu, cinikin giyar Italiya a ƙasashen waje ya faɗi warwas. Bayan wannan abin kunya mai saye ya fara neman kwalbar da zai san gidan da gonar da ta fito. A daidai lokacin masu ba wa giya maki a Amurka, musamman Robert Parker, suka rungumi sabon salon, kuɗi ya fara shigowa ƙauyukan da ba su taɓa ganin irinsa ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Bartolo Mascarello a ƙauyen Barolo, mai gonaki kimanin hekta biyar. Ya ƙi ƙaramar ganga, har ya taɓa zana takardar kwalba da hannunsa ya rubuta "No Barrique No Berlusconi", ya haɗa gangar Faransa da firaministan lokacin a ƙi ɗaya. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ya ƙi sunan gona ɗaya ma. Yana da fili a Cannubi, wanda da ya ware shi da ya sayar da tsada, amma ya ci gaba da haɗa inabinsa na Cannubi da San Lorenzo da Rué da Rocche dell'Annunziata ya fitar da Barolo guda. Ya rasu a 2005, 'yarsa Maria Teresa ta ci gaba da haɗawa. Giuseppe Rinaldi, wanda ya rasu a 2018, shi ma gonaki bibbiyu yake haɗawa. A wurin waɗannan mutane haɗawa ita ce asalin gargajiya, gona ɗaya kuwa baƙuwa ce daga Faransa kamar yadda barrique take.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe wata gaskiya, amma ba daidai wa daida ba. 'Yan zamani sun yi gaskiya a gona da tsabta: rage yawan 'ya'ya, jiran cikakkiyar nuna, wanke ma'ajiya, da dagewa cewa manomi ya cancanci riba. Sun yi kuskure a ganga, kuma kuskuren ya ci karo da nasu da'awar. Mutum ba zai ce yana son a ji bambancin Brunate da Cerretta ba, sannan ya zuba su duka a sabon katakon da zai sa su yi ƙamshi iri ɗaya. Babbar tsohuwar ganga da ba ta ƙara komai ita ce ta fi dacewa da giyar gona ɗaya. Shi ya sa daga farkon shekarun 2000 gidaje da yawa suka koma wa botti, suka tsawaita tsimi, masu gargajiya kuma suka ɗauki tsabta da kula da zafi daga abokan hamayyarsu. Abin da ake tallatawa yau da sunan gargajiya haɗin gambiza ne: gangar kaka, tsabtar 'yan tawaye, da sunan gona irin na Burgundi.

A 2010 gwamnati ta shigar da sunayen cikin doka. Aka amince da suna 181 da ake taƙaita laƙabinsu da MGA, 170 na yankunan gonaki, 11 na ƙauyuka. Barbaresco ta riga da shekara uku da nata 66. An yi aiki babba, domin kafin nan kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. Sai dai kowace ƙaramar hukuma ita ta shata nata iyakokin, kuma siyasar ƙauye ta shiga ciki. Wasu sun shata ƙananan filaye bisa tarihi, wasu suka faɗaɗa don kada a bar kowa a waje, har Bussia ta kusa kai hekta 300, faɗin da ba za a kira shi gona ɗaya da gaskiya ba. Ba a kuma jera su bisa daraja kamar yadda Faransawa suka yi ba, saboda babu shugaban ƙauyen da zai iya duban maƙwabcinsa ya ce gonarka ta biyu ce. Rigimar Cannubi ta kai har kotu. Asalin filin hekta 15 ne, amma kamfanin Marchesi di Barolo ya nemi a bar gonakin da ke kewaye su yi amfani da sunan Cannubi zalla. Ƙananan gidaje sun yi nasara a kotun farko a 2012, babbar kotun gudanarwa ta soke hukuncin a 2013, sunan ya rufe hekta 34. Dokar ta kuma hana rubuta sunan gona biyu a kwalba ɗaya, sai gidan Rinaldi ya rasa hanyar faɗar abin da ya saba yi shekara da shekaru. Dole suka kira ɗaya daga cikin giyarsu biyu Brunate, suna ƙara mata ɗan kason da doka ta yarda daga gonar Le Coste, ɗayar kuma suka raɗa mata sabon suna, Tre Tine. Dokar da aka yi don kare gado ta tura tsohuwar al'adar gefe.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi damuna. Doka ta ƙayyade tan takwas na inabi a hekta, wato kwalba dubu bakwai da 'yan kai a shekara. In an sayi hekta a Yuro miliyan biyu, kuma ana son kuɗin ya dawo da biyar cikin ɗari kawai, ana neman Yuro 100,000 a shekara, kimanin Yuro 14 a kan kowace kwalba, tun ba a biya lebura ba, ba a sayi ganga ko kwalba ba, ba a kuma lissafa shekara uku da 'yan watanni da kayan za su kwanta kafin a sayar da ko ɗaya ba. Ɗan manomin da ke son ƙara fili ba zai iya wannan lissafi ba. Mai iyawa shi ne wanda ya tara dukiyarsa a wata sana'a. Matsalar ta fi tsanani ran rabon gado. Uba ya bar hekta shida da 'ya'ya uku, ɗaya ne ke noma, biyu na Turin ko Milan suna son kasonsu. A da ɗan abin da zai ba su bai taka kara ya karya ba. Yanzu miliyoyi ne, kuma gonar ba ta samar da su. A 2016 gidan Vietti, ɗaya daga cikin biyun da suka fara rubuta sunan gona, ya koma hannun wani attajirin Amurka, Kyle Krause. Luca Currado, ɗan Alfredo, ya ci gaba da aiki a gidan har 2023, sannan ya bar shi. Sunan Rocche na nan a kwalba, sunan Vietti ma na nan.

Tsadar ta canza fuskar tuddan. Filin Barolo ya kusa ninkawa tun farkon shekarun 1990, an sare kurmi, an tumɓuke Dolcetto da itatuwan marmari an dasa Nebbiolo har a wuraren da dattawa ba za su taɓa sa shi ba. Hukumar UNESCO ta sa gonakin inabin yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, baƙi suka ƙaru, farashin ƙasa ya ƙara hawa.

Akwai kuma sunan da ba ya hawa kwalba ko kaɗan. Gangaren nan sun yi tsayi da yawa, inji ba ya iya yawancin aikin, da hannu ake datse reshe, da hannu ake ɗaurewa, da hannu ake tsinka. Hannayen galibi na baƙi ne, 'yan Masedoniya da Romaniya da Albaniya tun shekarun 1990, yanzu kuma da samari daga Afirka ta Yamma da suka tsallaka Bahar Rum. Gidaje da yawa ba sa ɗaukar su kai tsaye, ta hannun 'yan kwangilar lebura suke samun su, kuma a nan ɓarna ke shiga. Italiyawa na kiran wannan cin zali caporalato, sun tsaurara doka a kansa a 2016 har ta shafi mai gonar da ya amfana, amma a 2024 hukumomi sun kama wasu 'yan kwangila a yankin Alba bisa zargin biyan lebura 'yan kuɗi kaɗan, da cusa su a ɗakuna marasa kyau, har da duka. Akwai gidajen da ke riƙe ma'aikatansu da mutunci shekara da shekaru, ba a haɗa su duka. Amma kwalbar da ke iya faɗa maka daidai gangaren da inabi ya fito tana iya faɗar yadda aka biya wanda ya tsinke shi, in masu ita sun so.

Yanayi ma ya fara taɓa ginshiƙin tsarin. An zana darajar gonakin nan a zamanin da matsalar Nebbiolo ita ce ƙarancin rana, shi ya sa sorì ya zama sarki. Shekarun zafi irin 2003 da 2017 da fari na 2022 sun nuna wata fuskar: a gangaren da ya fi shan rana fatar inabi kan ƙone, sukari ya hau da sauri kafin baurin ya nuna, yayin da gonaki masu tsayi da sanyi, irin Ravera ta Novello, waɗanda a da ba a cika yi da su ba, suke ta samun karɓuwa. A 2024 ƙungiyar masu yin Barolo da Barbaresco ta gabatar da shawarar a bar mutane su dasa Nebbiolo a gangaren da ya fuskanci arewa, shawarar ta gamu da turjiya mai ƙarfi. Masu goyon baya na cewa zafi ba zai jira doka ba. Masu adawa na tsoron a sare ɗan kurmin da ya rage, wanda galibinsa a gangaren arewan yake, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka biya miliyoyi, ko suka ci bashin miliyoyi, a kan gangaren kudu.